Tsarabar Gwaggo Mai Kiɗa

Na tsani waƙoƙin Kirsimeti, kuma duk wanda zai ce in sassauta, to ya fara zuwa ya yi shekara goma sha ɗaya yana goge ƙasa a ƙarƙashinsu tukuna, sannan mu zauna mu yi magana. Masu bikin ba su tsare mini komai ba. Addininsu nasu, nawa nawa, kabarin kowa daban. Waƙoƙin ne ba na so. A iya abin da kunnena ya tara ba su fi goma sha biyu ba, amma kowace shekara sai a sauko da su daga saman kabad tare da bishiyar roba, a karkaɗe musu ƙura, a kunna, mutane su riƙa lumshe ido kamar jiya aka haife su.

Ina aiki a wata unguwar Turawa mai katanga a arewacin Jidda, irin wadda ake ce wa kamfawun. Shara, wanki, guga, wanke-wanke. Matar gidan, wadda nake kira Madam, mutuniyar kirki ce wata goma sha ɗaya a shekara. Da Nuwamba ta kusa ƙarewa sai abin ya motsa. Tun kafin in tuɓe abaya na'ura ta fara, ba za ta yi shiru ba sai na sake sawa zan tafi. Ƙararrawa, ƙararrawa, sai wata mata ta yi ta ƙara kamar an taka mata yatsa, sai yara su karɓa, sai a koma ƙararrawa. 'Yar Madam ta taɓa zaunar da ni ta fassara mini, don a ganinta rashin sanin ma'ana ne ya sa nake ɗaure fuska. Ashe rabinsu duk dusar ƙanƙara ake wa kuka. A Jidda. Na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani, ni ina tsaye kan guga zufa na bin bayana har cikin zani, wani ƙato yana roƙon ƙanƙara ta sauko. Na ce mata na gode, yanzu na fi tsanar su da hujja.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda suke shiga kai ba sallama. Ni ban yi boko da ƙuruciya ba. Ina da shekara arba'in da biyu na durƙusa gaban wata malama Bahaushiyar Sudan a unguwarmu, Madain Fahd, na fara koyon baƙi. Harafi ɗaya sai in yi mako ina lallashinsa kafin ya yarda ya zauna. Waɗannan kuwa ba wanda ya koya mini su, ban biya ba, ban nema ba, sun shigo sun shimfiɗa tabarma. Ina yanka albasa su ne, ina cikin mota su ne. Da karatu haka yake shiga da yanzu ni ce alƙaliyar garin nan.

To duk wannan ciwo ne na shekara-shekara, kamar mura. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne Disambar da ta wuce, da Gwaggo ta zo.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina shekara biyar, bayan rasuwar mahaifiyata, a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Duk bakin da ake cewa ina da shi, nata na ɗiba, kuma cokali ɗaya na ɗiba daga tukunya. A Madain Fahd in za a gaya wa mace abin da ba ta son ji, ni ake aikawa. Na gaya wa masu gidan haya gaskiya, na gaya wa kafili, mai riƙe da takardun zamana, gaskiya a fuskarsa. Mutum ɗaya ne a duniya na ɓoye wa magana, ita ce Gwaggo, maganar kuwa ita ce inda nake aiki.

Ba ƙarya na ƙaga daga farko ba. Zuwana ƙasar nan na yi shekara goma sha biyu a gidan wani dattijo Balarabe, tsohon malamin makaranta mai littattafai cike da ɗaki. Na ba Gwaggo labarinsa a waya, ita kuma ta yi masa ƙarin girma zuwa Shehi, ta baza a gari. Da ya rasu 'ya'yansa suka mayar da iƙamata, wato izinin zamana, hannun wani kamfanin shara, kamfanin ya tura ni gidajen Turawa. Na ce zan gaya mata in na sami sarari. Sararin bai zo ba. Dalili kuwa, akwai wata maƙwabciyar Gwaggo, katanga ɗaya, wadda ɗanta ya yi shekara talatin yana wa Turawa kuku a Kaduna. Gwaggo ba ta taɓa kiran matar nan da sunanta ba, sai Uwar Boyi. Ba ta shan ruwan randarsu. In sun aiko da abincin salla kaji ne ke morewa. Ta kan ce ita dai Allah ya rufa mata asiri, tata 'yar gidan Shehi take, a ƙasa mai tsarki, ba ta taɓa wanke kwanon da ba a yi bisimilla a kansa ba. Ni kuma a lokacin ina wanke kwanon karen Madam sau biyu a rana. Haka Shehi, Allah ya jiƙansa, ya ci gaba da rayuwa a bakin Gwaggo, yana ƙara ilimi kowace shekara.

Jikokinta ne suka haɗu suka biya mata Umara. Ta yi Makka, ta yi Madina, saura kwana tara jirginsu ya tashi ta sauka a wurina. Ɗaki biyu ne, ni da 'yata. 'Yar tawa a nan aka haife ta, ta haura ashirin, tana jin Hausa sarai amma in ka yi mata sai ta mayar maka da Larabci. Kowace safiya in zan fita Gwaggo sai ta ba ni saƙon gaisuwa ga Shehi, a roƙa mata addu'ar ciwon gwiwa. Da yamma in dawo in ce yana amsawa. Wadda nake barowa a wurin aikin kuwa Madam ce, da jar hula mai tuntu a ka, tana liƙa auduga a jikin taga don ta yi kama da ƙanƙara.

Ranar Juma'a ba na aiki, sai muka tafi Bab Makka sayen tsaraba. Duk wanda ya taɓa raka alhazanmu kasuwa ya san dokar: allura in ta kwana a Jidda ta zama ta Makka. Ko an rubuta ƙasar Sin a gindinta da manyan baƙaƙe, albarka ta riga ta shige ta. Gwaggo ta ɗebi dabino, tasbaha, kwalli, sallaya, zobban da za su koɗe kafin a sauka Kano. Ni ina biye da ledoji, ina cewa to. Muna ƙoƙarin fita ta lungun da ke ɓullewa Balad, tsohon gari, ta tsaya cak a gaban wani shago.

Fitilu ne na roba, kowacce tsawon tafin hannu, an yi su kamar masallaci mai koriyar ƙubba da hasumiya biyu. Mai shagon, wani mai tumbi da ya ga Hajiya ya ga abinci, ya ɗauko ɗaya ya danna gindinta. Ƙubbar ta fara walƙiya, kore, ja, kore. Sai kiɗa ya tashi, siriri, irin na agogon Sin.

Tun a sauti na uku na gane ta. Babbarsu ce, uwar gayya, mai ƙararrawar nan da Madam ke buɗe rana da ita. Na baro ta a arewacin gari jiya da yamma, ga ta ta riga ni zuwa Bab Makka, ta sa rawani.

Na juya in ja Gwaggo mu wuce, sai na ga idonta ya ciko. Ta ce in tambaye shi wane yabo ne wannan. Ban ma buɗe baki ba ya karanci fuskarta, ya dafa ƙirji ya ce nashidi ne, ya Hajja, nashidi. Ba na jin ƙarya ya shirya. Shi ma bai sani ba, kuma bai damu ya sani ba. Can ƙasar Sin wani ya ƙera masallacin roba, ya leƙa kwandon kiɗa, ya ɗauko wanda ya fi yawa ya cusa. Gwaggo ta kwance bakin zani ta ce a ba ta dozin biyu.

A tasi ta yi mini rabon. Ɗaya ta matar liman. Goma na matan Islamiyyarsu. Sauran na dangi. Ta farko kuwa, wadda za ta miƙa da hannunta a gaban jama'a ranar da aka taru yi mata barka da dawowa, ta Uwar Boyi ce, don ita da ɗanta su ji yadda kiɗan ƙasar Musulmi yake. Na tambaya ko ɗan yana Kaduna har yanzu. Ta ce ina, ya tsufa Turawan sun sallame shi, yana nan gida yana kiwon zabi, kullum yana zaune a ƙofar gida.

Mutumin da ya yi shekara talatin yana soya wa Turawa talo-talo a ƙarƙashin wannan kiɗan. In akwai wanda ya fi ni sanin waƙar nan a duk ƙasar Katsina, shi ne. Shi Gwaggo ta zaɓa ta fara kunna wa.

Mai hankali zai ce ai sai ki gaya mata. Mai hankalin bai san Gwaggo ba. Ba ta karɓar magana sai ta ji asalinta. In na ce waƙar Kirsimeti ce, za ta ce a ina na sani, tunda gidan Shehi nake wuni. Sai na bi ta bayan gida, irin abin da nake zagin wasu a kai.

Na fara da cewa fitilun ba su da kyau, robar banza ce. Ta ce zaman birni ya sa na fara raina abin mutane. Na ce batirinsu ba ya daɗewa, kwana biyu za su mutu. Ta aiki 'yata bagala, kantin ƙasan gidanmu, ta sayo batir kwali guda. Na koma malama, na ce ni fa ina jin tsoron kiɗa a jikin hoton masallaci, ko akwai haramci. Nan ta ajiye tasbaha ta dube ni.

"Ke 'yar nan, yaushe aka yaye ki daga jahilci? Jiya-jiya kika koyi rubuta sunanki. Ƙasar da Annabi yake kwance, malamai sun fi yashi yawa, suna gani ana sayarwa ba su hana ba, sai ke mai digirin tsintsiya?"

Digirin tsintsiyar kam gaskiya ne, ita ce dai ba ta san makarantar ba.

Daga ranar gidana ya zama reshen gidan Madam. Gwaggo ta jera fitilun a kan akwati, kowace safiya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana dannawa, kamar mai ƙirga kaji. In fita daga kiɗa in tafi kiɗa in dawo kiɗa. A da ina da motar ma'aikata a tsakani inda kunnena ke shan iska, to akwai wata 'yar Filifin da muke hawa tare, su kuwa tun Satumba suke fara nasu, ta zauna kusa da ni tana yi ta hanci. Na ce lallai akwai zunubin da na yi da ƙuruciya wanda na manta.

Ranar Lahadi da safe, Gwaggo na banɗaki, na ɗauki almakashin farce na buɗe gindin fitila uku na datse musu waya. Niyyata in bi su uku-uku har su ƙare, a ce sanyin jirgi ne ko wani abu, ta kai su gida suna walƙiya ba baki. Na tafi aiki ina jin kaina gwana. Da na dawo na tarar da 'yata kwance ta ɗora hannu a ka. Gwaggo ta gano bebayen tun kafin hantsi, ta tasa yarinyar a gaba suka hau tasi har Bab Makka. Larabcin Gwaggo duka kalma biyu ne, haram da yalla, da su ta tara wa mai tumbin nan jama'a a ƙofar shago. Ya canza mata ukun, ya ƙara mata ɗaya kyauta don ta tafi. Sababbin daga wani kwali suka fito, sun fi na farko ƙara. Na datse uku na sami ashirin da biyar.

'Yata ta bi ni kicin ta rufe ƙofa. Ita ta san komai, ta san Madam, ta sha cin kek ɗinta. Ta ce da Larabci, ya ummi halas, wato Mama ya isa haka, ki gaya mata, tsohuwar nan za ta je ta kunyata a gaban garinsu. Na ce in ta sake ta buɗe baki sai na aske mata kai. Ta ce ita ba ruwanta, amma abin mamaki ne matar da ta je har gida ta gaya wa maƙwabciya cewa mijinta ba Riyad yake zuwa ba, yau ta kasa gaya wa gwaggonta inda take shara. Na ce ta fita. Haihuwar Jidda ba su iya magana da manya ba, musamman in suna da gaskiya.

Abin ya fashe ranar Laraba, saura kwana biyu su tashi. Na dawo bayan la'asar, ranar kuwa Madam ta yi baƙi, tun safe na'ura ba ta huta ba. Na tarar Gwaggo a kicin tana kaɗa miyar kuka, da kukar da daddawar duk ita ta zo da su a ƙasan jaka. Na tsaya gefenta ina wanke kwanuka. Tana kaɗawa tana bin kiɗan fitila da hanci, ta riga ta haddace shi, har tana ɗan rausayar da kai.

Ga abin da ban faɗa ba. Fitilar rabin waƙar kawai take yi. In ta kai tsakiya sai ta katse ta koma farko, don mai ƙera ta bai ga dalilin ɓata kuɗi a kan sauran ba. Gwaggo ta bi ta kai inda take katsewa ta tsaya jan numfashi. Bakina, wannan maci amanar, ya ɗauka daga nan ya ci gaba. Ban san ina yi ba. Na hau, na sauka, na kai ta har gida na rufe mata ƙofa. Sai na ji maburgi ya daina motsi.

"Dakata. Wannan ƙarashen a ina kika samo shi?"

"Wane ƙarashe, Gwaggo?"

"Kar ki mayar da ni sakarya. Fitila a nan take tsayawa, ke kin wuce. Kwana biyar kina ce mini robar banza, ashe kin san abin har gindinsa."

'Yata ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ga ƙofa a buɗe, Allah ya buɗe mini ita da kansa. Na dubi kumfar sabulu na ce a wurin aiki ake sawa.

"Gidan Shehi?"

Na gyaɗa kai.

Gwaggo ta ɗaga hannu da maburgin, miya na ɗiga a ƙasa, ta yi hamdala. Ta ce dama jikinta ya ba ta, kiɗan da ke sa tsigar jiki tashi haka ba na banza ba ne. Ta ce ni muguwa ce, na so in hana ta abin da manyan malamai ke ji a gidajensu, baƙin ciki irin na dangin uwa. Ta tambaya sau nawa ake sawa. Na ce tun safe har yamma, kuma wannan kam gaskiya na faɗa. Ta zaunar da ni kan kujerar roba ta ce in maimaita mata ƙarashen, tana so ta tafi da shi cikakke. Sau uku na rera. Ni, da nake toshe kunne da auduga a ɗakin guga, na zauna ina koya wa Hajiya sabuwar dawowa daga Madina waƙar Kirsimeti baki da baki, tana gyara mini inda take ganin na yi sauri. 'Yata ta juya ta shige ɗaki, na ji ta cusa fuska a matashi.

Da muka zauna cin tuwon Gwaggo ta tsara yadda za a yi. Za a jera duka ashirin da biyar a kan tabarma a tsakar gida, yara su danna su lokaci guda. Sannan ta miƙe ta ce wa jama'a wannan shi ne abin da ake sawa safe da yamma a gidan Shehin da 'yarta ke aiki, ta rera musu sauran da bakinta. Sannan ta kira Uwar Boyi.

Ina tauna tuwo ina ganin abin kamar a gabana. Tsohon kukun nan na san shi, mutum ne mai sanyi, ba zai yi dariya ba. Zai saurara, ya sunkuyar da kai, ya ce Hajiya a yi haƙuri, amma wannan ai ita muke sawa in an kawo talo-talo tebur. Cikin ladabi zai faɗa, kowa ya ji. Uwarsa kuwa shekara talatin take jiran rana irin wannan, ba za ta bar ta ta faɗi ƙasa ba. Ƙauyenmu in an liƙa maka suna, da shi za a yi maka salla. Matar da ta haura saba'in, tafiyarta ta farko kuma wataƙila ta ƙarshe, ta je Makka ta je Madina ta dawo a kira ta Hajiya Kirsimeti har jikokin jikoki. Da farko kuskuren mai shago ne da mutanen Sin. Yanzu ni na sa masa hannu, na buga masa hatimin Shehi.

Bayan magariba 'yata ta sake gwadawa, wannan karon a hankali. Ta ce ba sai na tona aikin ba, in nemo waƙar a waya in nuna mata Turawa na yi. Na ce da jiya ne da ya yiwu. Yau Gwaggo za ta ce Turawan ne suka sata daga gidan Shehi, kuma ni na ba ta hujjar. Matar da ta tara wa ɗan kasuwa jama'a da kalma biyu ba za ta sauka daga maganar Shehi don hoton waya ba. Sai dai Shehin ya sauka da kansa. Abin da zai biyo baya kuma na san shi: ko ta daina cin abincin hannuna, ko ta koma gida ta rasa abin da za ta ce wa maƙwabciyarta har ƙarshen rayuwa. Wanda ya riƙe ka tun kana shekara biyar, in ya dube ka da wani ido, ba ka da inda za ka kai ƙara. Amma gara ta dube ni da wannan idon a Jidda, mu biyu, da ta tsaya a tsakar gida gari guda na dubanta.

Washegari ƙarfe bakwai na kira Madam. Da guntun Turancina na ce ina so in zo da gwaggota ta ga inda nake aiki, a bar sunanta a wurin masu gadi. Ta yi ƙara a waya kamar na ce mata ƙanƙara ta sauka. Ta ce na zaɓi rana mai kyau, ƙarfe goma yaran maƙwabta za su taru a falonta su gwada waƙoƙinsu, za ta gasa kek. Na ce madalla, a ƙara ƙarfin na'ura.

Na shiga na ce wa Gwaggo ta ɗauko fasfo da mayafi, yau za ta raka ni wurin aiki. Ba ta ko tambaya ba. Ta ciro leshin da ta ajiye don ranar sauka gida, ta shafa turare har sau biyu, ta sa kwalli. Ta bi fitilun ta zaɓi mafi ƙara ta naɗe a hankici, ta ce ba a zuwa gaban malami hannu rabbana. Na bar ta ta ɗauka. Ban jira motar ma'aikata ba, na tsayar da tasi a bakin titi, na taimaka mata ta hau da gwiwar tata, na zauna kusa da ita na ce wa direba arewa.

Sai da muka fita Madain Fahd na ce, "Gwaggo, Shehi ya rasu."

Ta yi salati ta dafe ƙirji. Ta ce yaushe, jiya da daddare?

"Bana shekara goma sha ɗaya. Sauran bayanin in mun isa kunnenki zai yi miki."

Ta juyo gaba ɗaya ta zuba mini ido, fitilar na kan cinyarta. Direba ya leƙo ta madubi ya tambaya ko ya tsaya. Na ce masa yalla, ya ci gaba.